Na haddace izu 60, amma saƙon mutum 3 ya gagare ni riƙewa

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina tsaron shagon kawuna, ƙanin mahaifiyata, a Kantin Kwari. Atamfa da shadda muke sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Shekarata 3 a shagon ba a taɓa samuna da wani kuskure ba, har kawu ya damƙa mini makullin sito da wayar shago. Bara mahaifina ya rasu, ni ne babba, ƙannena 5. A shekarar ne kuma na shiga karatun akanta na ƙarshen mako. Yau wata 4 ke nan komai ya rikice mini. Na aika kayan wata Hajiya ta Yola zuwa Maiduguri. Na sakar wa wani mutum turmi 20 ina ganin alat ɗinsa ya shigo, ashe na wani ne. Lissafin da nake yi da ka a da, yanzu sai in yi shi sau 3, kowanne da amsarsa. Da aka yi lissafin shago sai aka ga giɓin sama da N300,000. Kawu ya ce mini a gaban yaran shago, "Ko dai hannunka ya fara tsawo, ko kanka ya taɓu." Bai karɓe makullin ba, amma tun ranar ba na iya haɗa ido da shi. Mahaifiyata ta ce baki ne, ta karɓo mini rubutu ina sha. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na haddace Alƙur'ani ina ɗan shekara 16, har yau ina jan izu ba tuntuɓe. Ta yaya mai izu 60 a ka zai kasa riƙe saƙon mutum 3? A makaranta sai in karanta shafi sau 3 in tashi ba komai. Ko a salla nakan rasa raka'a ta nawa nake. Ina kwanciya wajen ƙarfe 1 na dare bayan karatu da amsa saƙonnin kwastomomi, in tashi da asuba. In barcin ya ƙi sai in sha maganin mura. Wallahi ban taɓa ɗaukar masa ko kwabo ba. Ƙwaƙwalwata ce ta lalace? In ajiye karatun ne, ko in bar shagon tun kafin a kira ni ɓarawo?

Daga wani matashi, Kano.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya yi albarka ga abin da ya bari. Na fara da wannan ne domin kai ka ambaci rasuwar a layi ɗaya ka wuce, kamar wani abu ne da ya faru a gefe, ni kuwa ina ganinta a tsakiyar maganar. Za mu dawo kanta.

Daga abin da ka rubuto, ban ga alamar ƙwaƙwalwar da ta lalace ba. Ka jero abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, da garuruwa da adadi, haddarka kuma tana nan daram. Ni ban gan ka ba, ban kuma auna ka ba, shi ya sa zan yi maka maganar asibiti a gaba. Amma tambayar nan taka ta izu 60 da saƙon mutum 3 tana da amsa, kuma in ka gane ta rabin tsoron zai tafi.

Mukan tattara komai mu kira shi ƙwaƙwalwa: wane yana da ita, wane ba shi da ita, kamar buhu ɗaya ne, ko cike ko wayam. Alhali ayyuka ne daban-daban da ke jingine da juna, kuma shagonku ya isa misali. Kuna da sito, inda kaya ke kwance dila-dila na tsawon watanni. A nan haddarka take, da hanyar gidanku, da sunayen atamfofi da farashinsu. Siton ƙwaƙwalwa ba ya cika. Sannan akwai kanta, ɗan wurin da ake baza kaya lokacin ciniki, wanda in ka shimfiɗa turmi kaɗan ya cika, in aka ɗoro wani sai wani ya zame ƙasa. Ƙwaƙwalwa ma tana da irin wannan kantar, inda take riƙe abin da take aiki da shi yanzu-yanzu: lambar wayar da aka karanto maka, canjin da za ka mayar, raka'ar da kake ciki. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa abu 7 take ɗauka, ko ƙasa da haka da 2 ko sama da 2. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya sake duba binciken da aka tara ya ce gaskiyar ta fi kusa da 4. Wannan ga lafiyayyen mutum ke nan, wanda ya ƙoshi da barci. Na gwani da na wanda bai taɓa riƙe allo ba, kantar kusan ɗaya ce.

Maida hankali shi ne yaron da ke ɗora kaya a kan kantar, shi ke zaɓar abin da zai hau da wanda za a bari a waje. Lissafi da auna magana da yanke shawara kuwa ba su da wurin aiki sai a kan kantar nan. Ɗauki cinikin da ka saba. An sayi turmi 17, kowanne a kan N13,500. Da ka, za ka ce 10 sun kama 135,000, ka ajiye wannan a gefe, ka koma kan 7 ɗin, su kama 94,500, sannan ka haɗa ka samu 229,500. Sito ne ya ba ka 7 sau 13, amma 135,000 ɗin can a kanta take jira, kuma ba ta da abin da ke riƙe da ita sai hankalinka. Waya ta yi ƙara, wata Hajiya ta ce a ɗauko mata wata kala, ɗan dako ya leƙo yana tambayar ina za a kai kaya. Kafin ka dawo ta faɗi, ko ta koma 153,000 ba ka sani ba. Ka sake lissafin, wani abu ya sake katse ka a wani wurin daban, ka samu wata amsar. Iya lissafinka yana nan yadda yake, wurin yin sa ne ya cushe.

Yawancin abin da kake kira mantuwa ma, ina zaton bai taɓa shiga ba balle a manta shi. Gwada wannan: takardar N1,000 nawa ke bi ta hannunka a rana? Ba tare da ka duba ba, mutanen nan biyu da ke jikinta, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, wanne ne a hagu? Mene ne aka zana a bayanta? Ka tambayi 'yan layinku ka ga yadda za a yi ta gardama, mutanen da suka shekara 20 suna ƙirga ta. Ido ya gani sau dubbai, hankali bai taɓa tsayawa a kai ba, don haka ba a kai shi sito ba. Ranar da Hajiyar Yola take faɗa maka inda za a kai kayanta, ina kyautata zaton kunnenka yana wurinta, idonka yana kan wayar, kana kuma sauraron wani cinikin da ake yi a bayanka.

Maganar alat ɗin ta fi wannan zafi saboda kuɗin da ya tafi, amma hanyarsu ɗaya. A 1999 wasu masu bincike biyu a jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallo, wasu da fararen riguna wasu da baƙaƙe, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen suka miƙa ta. Ana cikin haka sai wata da aka sa wa shigar goggon biri ta ratso ta tsakiyar 'yan wasan ta wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba sam, da aka sake nuna musu wasu har musu suka yi cewa an canja bidiyon. Hankalin da aka ɗaure a wuri ɗaya ba ya ganin abin da ke gabansa, kuma inda ya bar giɓi sai tunani ya cike da abin da yake tsammani. Kana jiran alat, waya ta yi motsi, ka ga kuɗi sun shigo, sai kanka ya ƙarasa maka labarin: na mutumin nan ne. Masu damfara da alat na bogi sun san wannan sarai, shi ya sa ba sa zuwa sai shago ya cika.

To haddar fa, ta yaya ta zauna? Tuna yadda aka yi. Ɗan abu kaɗan ake rubuta maka a allo. Ka yi ta maimaita shi da ƙarfi, ba waya, ba kwastoma, sai malam da bulalarsa. Ba a barinka ka wanke allon sai ka kifa shi ka kawo da ka. Bayan an yi maka ƙari kuma ba a sallami na baya ba, tilawa na jiransa da dare da asuba, shekara da shekaru. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa a 1885 abin da ya samu bayan ya daɗe yana gwaji a kansa: sabon abin da aka koya ya fi saurin zubewa a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka rufe shi suna ƙoƙarin kawo shi da ka. Bayan mako guda masu rufewar ne suka fi tunawa, duk da cewa masu maimaita karatun sun fi jin cewa sun iya. Nakan yi murmushi in na tuna waɗannan, domin babu alaramman da zai ji su ya ce an gaya masa sabon abu. Kai kuwa yanzu kana buɗe littafin akanta da ƙarfe 12 na dare, bayan wuni guda a tsaye, waya na haske a gefenka, kana bin shafi da ido sau 3. Duk abin da ya sa haddar ta kama, babu ko ɗaya a nan.

Sai abin da ya cinye maka kantar tun kafin kwastoma na farko ya shigo. Na farko barci. Daga ƙarfe 1 zuwa asuba bai fi awa 4 ba, babba kuwa yana bukatar 7 ko fiye. An yi wani gwaji a jami'ar Pennsylvania da aka wallafa a 2003, inda aka taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 ko 4 har kwana 14. A ƙarshe maida hankalinsu ya koma kamar na wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a ciki shi ne su kansu ba su ji lalacewar ta kai haka ba, a ganinsu sun saba. Kai wata nawa ka yi a haka? Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka koya da rana ta shirya shi a sito, don haka karatun da kake hana idonka barci dominsa, rashin barcin ne ke zubar da shi. Maganin murar nan kuma ka ajiye shi. Da yawa daga masu sa barcin sukan bar mutum da nauyin kai har washegari, wato ka sayi barcin dare da hankalin safiya.

Na biyu shi ne abin da ka wuce da sauri. Ka rasa uba, ka wayi gari da uwa da ƙanne 5 suna kallonka. Kuɗin makaranta, cefane, haya, wa ya yi rashin lafiya: waɗannan ba sa zama a gida in ka fito, suna zaune a kan kantar nan wuni guda. An taɓa gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya, aka wallafa a 2013. Kowane manomi, gwajin tunani iri ɗaya, sau biyu: kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi da kuɗi suka shigo. Sun fi ƙoƙari bayan girbi. Basirarsu ba ta ƙaru a 'yan makonni ba, damuwar ce ta sauka ta ba su wuri. Baƙin cikin rashi ma haka yake yi, ko da mutum bai zauna ya yi kuka ba, kuma ɗan fari ba kasafai ake ba shi damar zaman ba. Sannan tun ranar da kawu ya yi maganar nan an ƙara maka wani kayan: kana lissafi kana kallon kanka, kada in sake kuskure, ga shi can yana dubana. Wannan tsoron ma wuri yake ci, shi ya sa kuskure ke haifar da kuskure.

Yanzu kawu. Faɗa maka wannan magana a gaban yara bai dace ba, ba zan ɓoye ba. Ɗan 'yar'uwarsa ne kai, maraya kuma, ɗaki ya kamata ya kira ka. Amma ka tsaya a inda yake tsaye. N300,000 ta fita daga dukiyarsa, kuma duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san shagunan da yaran gida suka durƙusar. Ya ga yaron da ya shekara 3 ba kuskure ya sauya cikin 'yan watanni, ba wanda ya yi masa bayani, sai ya kawo dalilai biyun da ya sani. Akwai kuma abin da zai sa ya kasa gane halin da kake ciki: shi yana iya ciniki da mutum uku lokaci ɗaya. An yi gwaji da gwanayen darar Turawa, wato chess, a 1973, aka ga suna kallon allon wasa daƙiƙa 5 su mayar da mafi yawan 'ya'yan darar inda suke, amma in aka watsa 'ya'yan barkatai, ba yadda wasa ke kawo su ba, sai fifikon nasu ya kusa ɓacewa. Kantarsu ba ta fi ta kowa faɗi ba, shekaru ne suka ɗaure musu abubuwa da yawa a ƙulli ɗaya. Kawunka ma in ya ji turmi 17 ba lallai ya lissafa ba, ya sha jin irinsa. Sai ya ga kamar abin da ke masa sauƙi dole ya yi wa kowa sauƙi. Ka kuma lura da abu ɗaya: makullin sito na hannunka har yau. Wanda ya tabbata kai ɓarawo ne a ranar zai karɓe shi. Bakinsa ya yi zafi, amma zuciyarsa ba ta yanke hukunci ba tukuna, kuma sunkuyar da kan da kake yi yana iya karanta shi a matsayin amsa laifi.

Don haka ka same shi a gida, kada a shago, a lokacin da ya huta. Kafin ka je ka zauna da takarda ka rubuta duk kuskuren da ka sani, da ranarsa da kuɗinsa: kuɗin motar da aka biya don dawo da kayan Maiduguri, turmi 20 ɗin nan, da sauran. Ka ce masa, "Kawu, ban ɗauki kuɗinka ba, amma na jawo maka asara, ga ta a rubuce." Ka roƙe shi a fitar da bayanan shigar kuɗi daga banki a gwada da littafin shago. Ka gaya masa ƙarfe nawa kake kwanciya da abin da ke kanka, domin ina shakkar ya sani. Ka nuna a shirye kake a riƙa cire wani abu daga abin da yake ba ka, ko da kaɗan-kaɗan ne. Zai iya yafewa, amma tayin ya fito daga bakinka. In lissafin ya nuna kurakuranka ba su kai yawan giɓin ba, kada ka nuna kowa da yatsa, ka bar takardar ta yi magana, shi ya san ba kai kaɗai ke shiga shagon ba. In kuma kana jin ba za ka iya buɗe baki a gabansa ba, ka nemi wani babba a dangi da yake jin nauyinsa ya raka ka. Kada dai ka aika mahaifiyarka. 'Yar'uwarsa ce, kai kuma ɗanta, in maganar ta yi tsami a tsakaninsu zumuncin ne zai ji ciwo.

A zaman ne za ka nemi a sauya tsarin aikin, domin ba a haɗa gudu da susar katara. Wayar shago ta koma hannun wani yaron a lokutan cunkoso, ko a ware mata lokaci, safe da bayan la'asar, kuma ta daina bin ka gida. Kaya ba sa fita sai an buɗe manhajar banki an ga sunan mai turowa da adadin, saƙon alat kaɗai bai isa ba, ko wane ne yake sauri. Duk saƙon aike ka rubuta shi nan take, ka karanto wa mai shi ya ji: Yola, turmi kaza, kala kaza. Sunan garin ya hau jikin ƙullin kafin ka juya ga wani. Ka koyi cewa, "Hajiya, minti ɗaya in sallami wannan," ba wanda zai fasa ciniki saboda haka. Kalkuleta kuma ba abin kunya ba ce ga mai karatun akanta. Na san a kasuwa ana alfahari da riƙe komai a ka, amma kai mahaddaci ne, ka san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma an saukar da ita ga mutanen da suka fi mu ƙarfin hadda nesa ba kusa ba.

Mahaifiyarka kada ka yi jayayya da ita. Ta ga ɗanta na farko yana susucewa shekara guda bayan ta rasa miji, ta kama abin da hannunta ya kai. Addu'a ba ta hana komai cikin abin da na faɗa maka. Inda nake so ka yi hattara shi ne in maganar baki ta koma neman mai bakin, a fara zargin wani yaron shago ko wani a dangi, ko a fara kashe kuɗin da babu. Ka gaya mata gaskiyar barcinka, ka ba ta aiki a ciki: ƙarfe 10 na dare ta karɓi wayarka, sai bayan sallar asuba ta ba ka. Uwa in ta samu abin da za ta yi da hannunta hankalinta ya fi kwanciya. Ka kuma samu lokaci ku yi hirar mahaifinka, kai da ita, ko kai da wani aminin da kake sakin jiki da shi. Rikicewar raka'a kuwa kada ta sa ka zargi imaninka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sallamewa a raka'a biyu a salla mai huɗu sai da aka tuna masa, kuma ƙabli da ba'adi don irin wannan aka koyar da su.

Karatun makaranta ka mayar da shi bayan asuba, minti 40 kafin ka fita, kuma ka yi masa irin na allo. Ɗan sashe kaɗan, ka karanta sau ɗaya a natse, ka rufe, ka rubuta abin da ka riƙe ko ka warware lissafin da kanka, sannan ka buɗe ka ga inda ka faɗi. Gobe kafin ka yi ƙari ka fara kawo na jiya. Zai fi karatun dare wuya, za ka ji kamar ba ka iya ba, haka kifa allo ma yake. In shago ya lafa bayan azahar, ɗan ƙailula na minti 20 ba zai rage ciniki ba.

Ka ba wannan tsarin mako 4 zuwa 6. In barci ya daidaita amma abin bai sauya ba, ka je asibiti, a Kano kana da na Malam Aminu Kano da na Murtala. Ƙarancin jini, sukari, matsalar ƙullin maƙogwaron da ke kawo maƙoƙo, da ciwon damuwa duk suna dusashe hankali, kuma duk ana gano su ana maganinsu. Amma akwai alamun da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da amai, faɗuwa ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci da wasu za su gaya maka kai ba ka sani ba, ɓata a hanyar da ka saba bi, rashin ƙarfin hannu ko ƙafa a ɓangare ɗaya, ko in ka taɓa buga kanka a hatsari kafin abin ya fara. Haka nan in ka ga ba abin da ke maka daɗi, abinci ya fita ranka, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa maka, ka je a makon nan, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai. In akwai wani abin da kake sha don ƙarfin aiki ko don barci wanda ba ka rubuto mini ba, ni ba sai na sani ba, amma likita ka gaya masa.

Tambayarka ta ƙarshe. Kada ka bar shagon yanzu. In ka fita da giɓi a bayanka ka sa hannu a kan zargin da kanka, kuma maganar za ta bi ka duk layin da ka koma a Kwari. In bayan an tsabtace lissafi ka ga zaman ba zai yi daɗi ba, sai ka fita da rana tsaka, da sallama. Karatun ma ban so ka yar da shi, shi ne abin da kake ginawa don kanka da ƙannenka. Ka fara tambaya a makarantar ko ana iya rage kwasa-kwasai, ko a jingine zango ɗaya a dawo. In dole sai ɗaya ya saurara, ni zan ce zango ɗaya na karatu ya jira, domin shi yana da ranar dawowa a rubuce. Amma ko wannan kada ka yanke shi a makon nan. Ka bari sai ka yi kwana 14 kana samun barcin awa 7, sannan ka zauna ka auna.

Ka sake rubuto mini bayan mako 6. Ina son jin ƙarfe nawa kake kwanciya, kuskure nawa littafinka ya nuna a makon ƙarshe, da abin da kawu ya ce da ka miƙa masa takardar. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.